Waƙar Matakala da Sunan da Ban Rubuta Ba

Ranar Asabar da ta wuce ɗaya daga cikinku ya buɗe mini kwamfuta, ya danna nan ya danna can, cikin minti huɗu ya ce ga kiɗa ya haɗa, Tonton Lawali saurara ka ji. Na saurara, na ce ya yi daɗi, don ban so in kunyata shi a gaban abokansa ba. Amma tunda kun nace sai na ba ku labarin shekara talatin da wani abu da na yi ina sa wa wasan kwaikwayo kiɗa tsakanin Paris da Lyon, to ku gyara zama. Kada dai wani ya zata labarin nasara zai ji.

Aikina shi ne wannan. Wani ya rubuta wasa, wani ya rubuta baitukan da 'yan wasa za su rera a cikinsa, ni kuma in sa wa baitukan kari da kiɗan da zai ɗauke su. Abin da kuke haɗawa a kwamfuta ba shi da huhu. Nawa kiɗan mutum ne zai rera shi yana tafiya, yana ɗauke da kaya, fitila tana gasa masa fuska, wani lokacin ma da mura a hancinsa. In ban bar masa wurin jan numfashi ba, a gaban mutum ɗari biyu zai shaƙe, kuma shi za a yi wa dariya, ni ina ɓoye a bayan labule.

Ban zo Faransa don kiɗa ba. Kawuna Alhaji, wanda yake da shagon yadi a Paris, shi ya ɗauko ni daga Damagaram ya sa ni karatun lantarki a Lyon. Gidanmu gidan malamai ne, kakana liman, mahaifina mai makarantar zaure. A gidanmu in an ce wane makaɗi ne, to an gama zaginsa. Makaɗi shi ne mai tsayuwa a ƙofar gida ana miƙa masa, ana jin daɗin muryarsa ranar suna, amma ba a haɗa zuri'a da shi. Ku da aka haifa a nan kuna dariya in na faɗi haka. Ni da shi na tashi, kuma har yau in na ji an kira ni makaɗi sai na ɗan waiga in ga wa ke kusa.

Gyaran waya ne ya kai ni gidan wata tsohuwa a unguwar kan tudu ta Lyon. Madam nake ce mata. Ta yi rayuwarta duka tana kaɗa wa 'yan wasa piyano lokacin gwaji, ba a taɓa tafa mata ba, kuma ba ta damu ba. Ina kan tsani ina warware tsohuwar wayar silin, ina ɗan rera wani abu a maƙoshi ban sani ba, sai ta ce in sauko. Ta zauna ta danna abin da na rera, ba ta kuskure ko ɗaya ba, sannan ta tambaye ni waƙar wa ce. Na ce ban sani ba, haka kawai ta zo mini. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce in dawo ranar Laraba, kuma in wanke hannuna. Shekara guda cur ban taɓa piyano a gaban mutane ba. Ina zaune a hagunta a wuraren gwaji ina juya mata shafi. A nan na koyi abin da ba a koyarwa a makaranta: yadda za ka sauke waƙa gaba ɗaya zuwa ƙasa nan take don ɗan wasa ya tashi da dushewar murya, yadda za ka jira mai mantuwa ba tare da 'yan kallo sun gane jira kake yi ba, yadda za ka rufa wa wanda ya kauce asiri da hannun hagu. In na yi kuskure ba ta faɗa, sai dai ta ƙwanƙwasa murfin piyano da fensir sau ɗaya. Na tsani ƙarar fensirin nan fiye da zagi.

Kayan aikina ba su da yawa. Fensir mai laushi da abin goge rubutu, don Madam ta ce wanda ya rubuta kiɗa da biro bai taɓa haɗuwa da ɗan wasa ba. Takarda mai layi biyar-biyar. Rikoda mai kaset da ke shiga aljihun kwat. Piyanon lantarki da na saya na hannu, na farke cikinsa na gyara da kaina har sau uku. Sai gurumi, wanda na yi shekaru ina ajiye shi a cikin kabad bayan rigunan sanyi, don kada baƙi daga gida su gani su kai labari.

Masu ba da aikin kuwa, Allah ya ba ku haƙurin zama da su. Akwai ma'aikacin al'adu na unguwa da zai ce yana son wani abu na Afirka, ka tambaye shi wace Afirka, ya ce mai ganguna. Akwai mai shirya wasa da zai nemi waƙa goma sha biyu cikin mako uku, ka hana idonka barci ka kawo, ana saura kwana biyu ya yanke biyar ya ce wasan ya yi tsawo. Akwai wata 'yar wasa a Clichy-sous-Bois da muryarta ba ta wuce hawa biyar, kuma ita ce babbar tauraruwar wasan saboda mijinta ne ya samo zauren. Na rubuta mata waƙa huɗu a cikin hawa biyar ɗin nan, mutane suka fito suna cewa ba su san tana da murya haka ba. Ita ma ba ta sani ba, kuma ba ta gaishe ni ba.

Amma wanda ke yanke maka rabo a sana'ar nan shi ne mai baituka. Na yi aiki da mutum shida ko bakwai. Ramatu, wadda aka haifa a nan, ita sai na fara ba ta kiɗa ta ɗora magana a kai, rabi Hausa rabi Faransanci. In na ce wannan layin ya yi tsawo sai ta ce, “C'est bon, Tonton, in cire?” ta cire nan take a waya tana cikin jirgin metiro. Aiki da ita ba ciwon kai, kuma ba na tuna ko ɗaya daga cikin waƙoƙin da muka yi. Wanda ya sa ni na zama mai haɗa kiɗa na gaske shi ne mutumin da ya fi kowa wahalar da ni, Malam Ilya, mutumin Tawa, malamin lissafi a wata makaranta a Sevran.

Malam Ilya shi baituka yake fara rubutawa, a littafin 'yan makaranta, da rubutu kamar an buga da inji. Ranar Lahadi bayan azahar nake zuwa gidansa, mu zauna a teburin kicin. Sai ya karanta mini baitin sau uku da murya, kuma ba ni da izinin taɓa piyano sai ya gama na ukun. Ina ɗaukarsa a kaset, in yi mako ina yawo da muryarsa a kunne ina ja wa mutane waya, har kiɗan da ke kwance a cikin maganar ya fito da kansa. Hausa tana hawa tana sauka tun kafin a rera ta, in ka tilasta mata bin wani karin daban sai ta zama yaren da ba na kowa ba. Wannan na yarda da shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Malam Ilya ba ya cire kalma. Ko ɗaya. In na ce Malam, layin nan ya yi wa kiɗan yawa, sai ya rufe littafin ya ce, “To ka faɗaɗa kiɗan. Kai ne tela, ni na kawo mutum.”

Wasanmu na uku a kan wani dogon bene ne a La Courneuve wanda asansar ɗinsa, wato injin da ke hawa da mutane sama, ya lalace wata da watanni. A cikin wasan akwai wata mata mai zama a hawa na goma sha uku, ta dawo daga kasuwa da buhun shinkafa, tana hawa tana lissafa wa Allah abin da ta bari a gida da abin da ta tarar a nan. Malam Ilya ya rubuta mata baituka tara ya sa musu suna Matakala. Na yi mako biyu ina fama, duk abin da na sa sai ya fito kamar matar tana zaune a kujera tana shan shayi. Ranar Lahadi ta uku na ce masa ya sa takalmi. Muka je benen da kansa, na sayi shinkafa kilo goma na saɓa a kafaɗa, ina hawa ina rera baitukan, shi yana biye da ni da littafi da jan biro. Duk inda numfashina ya yanke sai ya yi alama a kan kalmar. A hawa na tara na zauna a ƙasa ina haki kamar zan mutu, wata tsohuwa ta buɗe ƙofa ta ba mu ruwa tana tambaya ko lafiya. Daga alamomin nan na gina kiɗan. Waƙoƙin Turawa yawanci gaɓa takwas-takwas suke tafiya. Tawa ta fito bakwai, sannan shiru mai tsawo inda matar ke tsayawa ta sauya kafaɗa, sannan ta ci gaba daga ɗan sama kaɗan da inda ta tsaya. Ban taɓa rubuta abin da ya kai ta ba, kafin ta ko bayan ta.

Ana saura mako guda a fara wasan, mai shirya shi, wata Bafaranshiya mai kirki, ta zo da takarda tana rubuta sunayen da za a buga a rarraba wa 'yan kallo. Malam Ilya ya ba da nasa cikakke har da sunan mahaifinsa. Shi ba shi da abin ɓoyewa, rubuta waƙa aikin malamai ne, a gidansu ma abin alfahari ne. Da ta juyo kaina sai na tuna Malam Ilya ya gayyaci Alhaji, kuma Alhaji ya ce zai zo. Na hango takardar a hannunsa, na hango ta a cikin jaka ta isa Damagaram, ana karanta wa mahaifiyata cewa ɗanta da aka tura karatun lantarki ya zama makaɗi. Na ce mata ta rubuta kiɗan gargajiya. Ta ce na tabbata? Na ce na tabbata. Har murna ta yi, ta ce hakan zai burge masu ba da zaure. Haka aka rubuta a takardar 'yan kallo, haka kuma aka cika a takardun ofishin da ke rajistar waƙoƙi, na sa hannu a matsayin wanda ya tsara kawai.

Da ta fita Malam Ilya ya ce, “Lawali, wanga abu da kay yi ƙarya ne hwa.”

Na ce, “Na wasa ɗaya ne, Malam. In Alhaji ya gani ya wuce sai a gyara.”

Ya ce, “Ƙarya ba ta san wasa ɗaya ba. Amma kai ka san gidanku.”

Alhaji ya zo da babbar riga, aka ba shi kujerar gaba. Ina leƙensa ta gefen labule. Kafin a kai waƙa ta biyu ya fara gyangyaɗi, takardar da na sayar da sunana saboda ita kuwa fifita ya yi da ita har ta faɗi ƙarƙashin kujera, bai ko buɗe ta ba. Da aka tashi ya gan ni ya ce, “Kai kuma mi kake yi nan?” Na ce fitilu na zo duba musu. Ya ce madalla, sun yi haske. Muna tsaye a nan wani ɗan rediyon unguwa ya miƙo mana abin ɗaukar magana yana tambayar asalin waƙar Matakala da ta sa mata kuka a zauren. Alhaji na gefena. Na ce tsofaffin mata na ji suna rera ta wajen daka a Damagaram ina yaro. Ɗan rediyon ya juya ga Malam Ilya. Malam Ilya ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ce haka ne.

Wasan ya karɓu, har aka gayyace mu Lyon mu yi mako biyu a wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo. A can aka ɗaukar mana makaɗa uku, cikinsu akwai mai busa saksofon, Didiye, ɗan kiɗan jaz ne da ke yin irin wannan aiki don ya ci abinci. Tun gwajin farko da muka kai Matakala ya sauke abin busarsa ya ce in sake. Na sake. Ya ƙirga da yatsu ya ce bakwai, ya yi dariya. Ku fahimci abin da 'yan jaz ke nema a wurin mai haɗa kiɗa irina. Ba sa son waƙar da ta cika kowane lungu. Suna son mai sauƙin riƙewa a kai, mai ɗan karkata da za ta hana su barci, kuma mai ɗakunan da ba kowa, inda za su shiga su zuba nasu kayan. Shirun nan da na bari don mace ta sauya kafaɗa, shi ya gani. Ranar ƙarshe ya roƙe ni takardar kiɗan. Ban taɓa jin wani ƙwararre ya roƙi abin da na rubuta ba, kaina ya kumbura, na ciro na ba shi a tsaye a bakin ƙofa. Ban tambayi Malam Ilya ba. Bai ma zo mini a rai cewa akwai abin tambaya ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mugunyar shekarata. Didiye ya fitar da faifai, Matakala tana ciki da wani sabon suna na Faransanci, a ƙarƙashi an rubuta gargajiya, tsarin Didiye. Bai saci komai ba, abin da na sa hannu a kai ya kwafa. Rediyo ta kama bugawa. Da ya zo Paris yin wasa wata Lahadi da yamma, ni da wautata na ja Malam Ilya muka je, ina ganin abin alfahari zan nuna masa. Didiye ya tsaya ya ba mutane labarin tsofaffin matan Sahel da turmi da taɓarya, labarina, har ya ƙara masa faɗuwar rana. Sannan suka buga ta minti goma sha biyu. Sun buga da kyau, Allah ya sani, har tsikar jikina ta tashi. Malam Ilya yana zaune da littafinsa a kan cinya yana duban gefen dandali, yana jiran mai rerawa ta fito. Ba wadda ta fito. Baiti tara, ko kalma ɗaya ba a furta ba.

Da muke komawa a jirgin ƙasa na RER bai ce uffan ba. Ni ne shirun ya dama, muna gab da Sevran na buɗe baki na faɗi maganar da ta fi kowace muni a rayuwata ta aiki. Na ce, “Malam, kada ka damu, su kiɗan suke so. Kiɗa in ya yi kyau ba ya buƙatar magana.”

Ya sa littafin a jaka, ya miƙe, ya ce, “To madalla. Allah shi ba da sa'a.”

Lahadi mai zuwa na buga waya matarsa ta ce ya fita. Ta gaba ma haka. A cikin shekarar kuma aka karɓe zauren da muke wasa aka mai da shi wurin motsa jiki, ƙungiyar ta watse. Na koma jan waya a gidajen mutane cikakken lokaci. Sau biyu ina kan tsani a kicin ɗin wani na ji kiɗana a rediyonsa. Ɗaya daga cikinsu har ya ƙara murya ya ce mini, ai wannan daga wajenku ne, ko? Na ce eh, daga wajenmu ne.

Na dawo sana'ar daga baya, da Ramatu da wasu, ana ci ana sha. Matakala kuwa ta yi ta tafiya ba ni. Wasu 'yan jaz suka ɗauka daga Didiye, wasu suka ɗauka daga wasun. Wata makarantar kiɗa a Lyon ta sa ta a littafin ɗalibai, a sashen kiɗan gargajiyar Afirka. Alhaji ya rasu, mahaifiyata ta rasu, ba wanda ya rage da zan ɓoye wa, amma na yi shiru don ban san ta inda ake warware ƙaryar da ta yi shekara goma sha shida ba. Sai wata rana a wurin gwaji, lokacin hutu, na zauna ina ɗan taɓa ta a piyano don kaina. Wani matashin mai piyano da muka ɗauka, ya gama makarantar nan ta Lyon, ya matso cikin ladabi ya ce mini da Faransanci ba haka ake buga ta ba, na cika jan shirun, kuma akwai wani ado da na tsallake. Ya nemi in matsa ya nuna mini. Na matsa. Ya nuna mini. Na yi godiya, na shiga bayi na kulle ƙofa na tsaya ina kallon bango, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

Washegari na je ofishin rajista. Matar da ta karɓe ni ta saurara har ƙarshe, ta ce ana iya gyarawa, amma da hujja. Takarduna na fensir ne, ba kwanan wata. Sa hannuna yana kan takardar da ta ce gargajiya. Muryata tana rediyo ina rantsuwa da tsofaffin Damagaram. Ta ce abu ɗaya zai taimaka, wato shaida a rubuce daga wanda ya rubuta baitukan, in yana raye.

Na yi wata biyu kafin in iya hawa jirgin Sevran. Na tarar da shi ya yi ritaya, gemu ya yi fari fat, teburin kicin ɗin dai shi ne. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da sanyi da aiki, ya yi mini ta'aziyyar Alhaji da ta mahaifiyata, waɗanda duk ya ji bai zo ba. Da gaisuwa ta ƙare ba sauran inda zan ɓuya, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ajiye kofin shayinsa.

Ya ce, “Wato in rubuta ma Nasara cewa ni Ilya na yi ƙarya a rediyo.”

Na ce, “Ni na sa ka, Malam.”

Ya ce, “Ba ka riƙe mini baki ba. Shekara goma sha shidda duk wanda yat tambaye ni, cewa nike ta tsohin mata ce, don kada in kunyata ka. Ɗiyana ma haka sunka sani.” Sannan ya ƙara da cewa, “Kiɗan da ba shi buƙatar magana, yau ga shi ya zo neman magana.”

Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da littafin nan, ya buɗe shafin Matakala. Jan biron yana nan a kan kalmomin, kuma a saman shafin, da yake malamin lissafi ne, ya rubuta kwanan wata da sunan benen da nauyin shinkafar. Ya zauna ya rubuta shaida shafi biyu da Faransancin da ya fi na matar ofishin, ya faɗi komai, har da ƙaryarsa, ya sa hannu. Bai nemi komai a wurina ba. Na so ya nema.

Shekara ɗaya da rabi aka yi ana aike-aiken takardu. Rannan wasiƙa ta zo, an gyara. Matakala, kiɗa Lawali, baituka Ilya. Na buga wa Didiye waya da kaina don kada ya ji daga ofis. Ya yi mamaki, ya yi ta cewa ah bon, ah bon, ya taya ni murna, ya ce me ya sa ban faɗa masa tun farko ba. Na ce dogon labari ne. Ya ce in na zo Lyon in neme shi.

Da bazara aka yi bikin jaz a bakin kogi a Lyon, Didiye zai yi wasa da la'asar. Kowa ya san da Matakala yake rufe wasansa, shekara da shekaru. Na ɗinka sabon kaftani, na hau jirgi tun safe, na sami kujera a layi na huɗu. Abin da nake so bai fi daƙiƙa biyar ba, in ji an faɗi sunana a lasifika kafin a busa. Suka yi ta farko, ta biyu, har ta bakwai. Ya gabatar da makaɗansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ga ta ƙarshe, na gyara zama, sai suka buga wata waƙa daban da ban sani ba. Aka tafa, aka watse.

Na same shi a bayan dandali yana goge abin busarsa. Ya rungume ni da gaske, ba munafunci. Na tambaye shi Matakala fa. Ya sosa ƙeya ya ce ya ajiye ta tukuna. Ya ce ba don komai ba, kiɗan yana nan da kyansa, amma shekara goma sha bakwai yana ba mutane labarin tsofaffin mata da turmi, yanzu me zai tsaya ya ce musu? Cewa wani mai gyaran lantarki ne ya rubuta ta a matakalar bene a La Courneuve? Ya ce mutane ƙauyen suke zuwa ji. Na ce ai matakalar ita ce gaskiya. Ya ce ya sani, abin takaici ne. A bakinsa kuma na ji cewa makarantar ta cire ta daga sabon bugun littafinta, tunda sashen na gargajiya ne, ita kuwa yanzu tana da mai ita.

Na kwana a Lyon. Da safe a tashar jirgi na buga wa Malam Ilya waya, don na yi masa alkawari zan gaya masa yadda aka yi. Muka gaisa a gajarce.

Ya ce, “Sun hwaɗi sunan naka?”

Na ce, “Ba su buga ta ba, Malam. Sun daina bugawa.”

Ya ce, “Su duka?”

Na ce, “Da alama.”

Na ji yana numfashi a wayar, na ji matarsa tana magana daga nesa. Sannan ya ce, “To yanzu ta zan taka kai ɗai. Allah shi sa albarka.” Ya kashe.

Wasiƙar ofishin tana gida a cikin leda, sunana a rubuce daidai, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Shekara huɗu ke nan ban ji kowa ya buga Matakala ba.